Baƙin Mai a Ƙasar Tasha: Tarihin Toshe Yoyon Inji Tsakanin Jega, Aliero da Andarai

Wanda ya saba sauka a tashar mota ta Jega ya san ƙasar wurin ba irin ta sauran gari ba ce. Rairayi ne tun asali, amma inda motoci ke jera hanci ya yi baƙi ƙirin, ya daskare kamar daɓe, ko an yi ruwan sama sai dai ya kwanta a kansa yana ƙyalli. Ba wanda ya zuba kwalta a wurin. Baƙin mai ne, ɗigo bayan ɗigo, daga motocin da suka yi ta kwana a nan shekara da shekaru: Bedford, Marsandi mai bodin katako, Fijo, J5, Golf, har zuwa Sharon ɗin da ke lodin Sakkwato a yau. Irin wannan tabon ne ake gani, ɗan ƙarami, a ƙofar gidan mai mota a Andarai ko Aliero, a gindin dogon yaron da yake ajiye ta. Da safe kafin ya tayar da ita sai ya sunkuya ya leƙa. In tabon bai wuce faɗin kwabo ba, ya yi hamdala ya kama hanya. In ya kai faɗin faifai, lissafin ranar ya canza.

Yoyon mai shi ne ciwon da ya fi daɗewa a jikin tsohuwar mota, kuma a kansa yaran gareji ke buɗe ido da sana'a. Yadda mutanen wannan yanki suka koyi tsare mai a cikin inji, da abin da suka riƙa toshe kafa da shi a kowane zamani, shi ne kusan tarihin kanikancin wurin gaba ɗaya.

Jega garin hanya ne tun kafin a san taya. Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi wajajen 1820 tare da jama'arsa Gimbanawa, a gefen Gulbin Zamfara, kuma ba a jima ba kasuwarsa ta zama matattarar fatake: goron Gwanja, gishirin Foga, kanwa, tufafi, dabbobi. Jaki da takarkari da raƙumi ke ɗaukar kaya, sai kwalekwale in gulbi ya kawo. Da Turawa suka shimfiɗa dogo, sai ya kauce wa wannan kusurwa. Ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, daga nan bai ƙara taku ɗaya ba. Har yau ƙasar Kabi ba ta ji kukan jirgin ƙasa ba. Don haka da jaki ya ja baya, duk abin da Jega za ta aika nesa ko ta karɓo, sai a bayan mota. Babbar hanyar da ta taso daga Legas, ta bi Ilori da Jebba da Kwantagora da Yawuri da Koko, ta ratsa ƙasar Maiyama ta shiga Jega, sannan ta wuce ta wajen Aliero da Tambuwal zuwa Sakkwato, ita ce ta zame wa mutanen nan dogo.

Hanya ce mai tsawo, kuma a wancan lokaci babu garejin kamfani a kusa. Motar da ta lalace tsakanin Koko da Jega ba ta da mai ceto sai direbanta da yaron motarsa. Shi ya sa direbobin farko ba matuƙa ba ne kawai. Kowanne yana da akwatin sifanu a ƙarƙashin kujera, da galan ɗin mai, da tsumma, kuma ba a ba yaro sitiyari sai ya yi shekaru yana wanke inji, yana zuba ruwa a lagireto, yana sa weji a bayan taya. Gyaran mota a ƙofar gida, wanda wasu ke ɗauka sabon abu ne da tsadar rayuwa ta kawo, shi ne ma na asali. Gareji daga baya ya zo.

Ilimin ya shigo ta ƙofofi da yawa. Akwai waɗanda suka koya a wuraren gyaran motocin gwamnati da na En'e. Akwai sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama a 1945 da 1946, da dama daga cikinsu sun iya tuƙi da kwance inji. Akwai kuma kanikawa Yarabawa da Ibo da suka biyo hanyar mota suka zauna a garuruwan Arewa, suka ɗauki yaran gari aiki. Da rikicin 1966 da yaƙin basasa suka sa Ibo da yawa komawa gida, yaran da suka tashi a hannunsu ne suka riƙe sifana. Daga wannan gauraye aka gaji harshen gareji: gaskit, sil, fistin, karanshaf, kafireta, fulogi, da kuma "Oga" da yaro ke kiran maigidansa da shi ko da a gida "Baba" yake ce masa.

Injinan da waɗannan mutane suka fara buɗewa masu yoyo ne tun daga masana'anta. Inji gida ne na ƙarfe da aka haɗa gunduwa-gunduwa, mai na zagaye a cikinsa da zafi da ƙarfi, kuma duk inda ƙarfe biyu suka haɗu dole a sa wani abu mai laushi a tsakani. A da, abin da ake sawa takarda ce mai kauri, ko ɓawon wata bishiya mai laushi irin wanda ake toshe kwalba da shi. Inda karanshaf ke fita daga cikin inji yana juyawa kuwa, nan ne wahalar take, domin ana so a toshe kafa alhali abin da ya ratsa ta yana gudu. Igiya mai maiƙo aka riƙa cusawa a wurin, ko ulu da aka danne, ko fata. Sil ɗin da kowane bakanike ya sani yau, zoben nan mai leɓe da siririn sifirin a ciki, a 1929 wani injiniya mai suna Walther Simmer ya ƙirƙiro shi a kamfanin Freudenberg da ke Weinheim a Jamus. Kamfanin na majema ne, kuma da fata aka yi leɓen sil ɗin farko, sai a tsakiyar shekarun 1930 aka koma roba. Ga mutumin ƙasar da ta shahara da jar fatar akuya, wannan labari ba baƙo ba ne: kayan dukanci ne ya fara riƙe mai a cikin inji.

Bayan haka, tsofaffin injina suna da bututun numfashi da ya leƙo ƙasa a buɗe, yana fitar da tururin mai kan hanya. Sai a farkon shekarun 1960 aka fara tilasta mayar da wannan tururi cikin inji a Amurka, daga jihar Kalifoniya, sannan sauran duniya ta bi. Saboda haka direban Bedford bai ɗauki ɗigon mai a matsayin cuta ba. Abin da yake dubawa shi ne yawansa.

Toshe yoyo kuwa sana'a ce da Bahaushe ya riga mota sani. Gyartai yana ɗinke fasasshiyar ƙwarya har ta koma riƙe nono. Masu kwalekwale a gulbi suna cusa tsumma a tsagar katako. Maƙeri yana liƙe tukunya, baduku yana yanka fata daidai da bakin abin da za ta rufe. Da mota ta zo, hannun ya riga ya saba, kayan aikin ne sababbi. Mafi kyawun shaidar wannan ita ce yankan gaskit da kwali, aikin da tsofaffin kanikawa ke yi har yanzu in kaya sun yi wuya. Ana goge fuskar ƙarfen tas, a shimfiɗa kwali a kanta, a ɗauki ƙaramar guduma mai kai kamar ƙwallo a riƙa bubbuga gefe-gefe a hankali. Kaifin ƙarfen da kansa ke yanka kwalin, ramukan noti su fito ɗaya bayan ɗaya, cif da cif, ba awo ba almakashi. A shafa giris gaba da baya, a ɗaure. Kwalin sukari ya yi wannan aiki, bangon fayil ya yi, tsohuwar kalanda mai kauri ta yi. Ba kowane wuri yake riƙewa ba, domin kan inji inda wuta ke tashi sai gaskit na gaskiya mai ƙarfe a jiki, amma a murfin gefe ko bakin famfon mai, kwalin da gwani ya yanka yana iya kai mota Legas ya dawo da ita. Haka ake yanko washa daga tsohon tub ɗin taya, a naɗa zaren ɗinki a wuyan notin juye, a murza sabulu a kan tsagar tankin fetur har a isa gari.

Bai kamata a kira wannan aiki kame-kame ba. Mutumin da ya san wane wuri kwali zai ɗauka, wane wuri ba zai ɗauka ba, ya san zafin kowane sashe na inji da ƙarfin man da ke bi ta cikinsa, ko da bai taɓa buɗe littafi ba.

Shekarun 1970 suka zo da wani yanayi. A watan Afrilun 1972 aka yi canjin hannu, motoci suka koma bin dama. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo aljihun ma'aikata a 1975, kuma a wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara fitar da motoci. Volkswagen na harhaɗawa a Legas, Steyr ta buɗe a Bauchi, Marsandi ta samu gida a Inugu a 1980. Malamin makaranta da ma'aikacin gona suka iya sayen sabuwar mota da bashin gwamnati. A kan hanyar Jega kuwa, Fijo ce ta yi sarauta: 404 a-kori-kura tana jigilar buhuna daga ƙauyuka ranar kasuwa, 504 doguwa tana ɗaukar fasinja zuwa Sakkwato da Kaduna. Mota ce da ta yi suna a tseren Safari na Gabashin Afirka, 404 ta ci sau huɗu a shekarun 1960, 504 ta ci a 1975, amma abin da ya sa kanikawa suka so ta daban ne. Injinta a kishingiɗe yake, hannu na kaiwa ko'ina. Silindojinta kuma hannun riga ne da ake zarewa a sa sababbi, don haka inji ɗaya sai a yi ta sabunta shi, sau biyu, sau uku, mota ta tashi daga hannun uba ta koma na ɗa.

A wannan zamani ne aka saba da gaskit na kwali mai hatimin kamfani, cikakken saiti, da sil a cikin leda da lambarsa a jiki. Man juye ma ya samu gida: matatar Kaduna ta fara aiki a 1980, sashenta na man inji ya biyo baya a 1983, duk da cewa ɗanyen man da sashen ke bukata daga waje aka riƙa kawo shi, domin na Nijeriya bai dace da wannan aiki ba. Bakaniken da ya yi ƙuruciyarsa a lokacin ya tashi da ƙa'ida: in sil ya mutu a cire shi a sa sabo, in lokacin juye ya yi a juye.

Ƙa'idar ba ta daɗe ba. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, aka saki naira. Kuɗin da a da yake kafaɗa da kafaɗa da dala, cikin shekara guda sai da aka ba da kusan naira 4 kafin a samu dala ɗaya, kuma daga nan bai sake miƙewa ba. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Masana'antun harhaɗawa suka yi ta durƙushewa, sai ta Kaduna da ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000. Gurbin da aka bari, motocin Kwatano suka cike shi. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta 1991, tana da iyaka da Benin da Nijar, don haka motocin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ba su da nisa da ita: su hau arewa zuwa Malanbil, su tsallaka Gaya, su shigo ta Kamba. Har zuwa farkon 2017, lokacin da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, wannan hanya ta ciyar da kasuwar mota ta Arewa maso Yamma.

Motar Kwatano tana zuwa da fenti mai sheƙi da kujeru masu tsabta, amma robobin da ke cikin injinta sun riga sun yi shekara goma ko fiye a sanyin Turai. Sai ga su a ƙasar da zafi ke haura maki 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, a kan hanya mai ramuka, da lodi fiye da ƙima. Roba in ta tsufa ta sha zafi sai ta bushe, ta yi tauri kamar busasshiyar fata, leɓen sil ya daina kama ƙarfe. Bazara ɗaya ko biyu, tabo ya bayyana a ƙofar gida.

Nan al'adar ƙari ta kafu. Maimakon a nemo inda mai ke fita, sai a riƙa ciko. Masu sayar da baƙin mai a kwalba suka jeru a bakin tasha da mararraba, direba ya zaro geji, ya goge da tsumma, ya sake tsomawa, ya ce a zuba masa kwalba ɗaya. Wasu suka koma mai kauri, wasu suka riƙa zuba maganin nan mai yauƙi kamar zuma da ake cewa yana rage hayaƙi. Kayan gyara suka rabu gida biyu: ɗan Beljiyam, wato na asali da aka ciro daga jikin wata motar, da sabo mai arha wanda ba a san ranar mutuwarsa ba. Daga Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Nkpor da Ladipo a Kudu kayan ke gangarowa zuwa shagunan Sakkwato da Birnin Kebbi da Jega. Man jabu ma ya samu kasuwa, har hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kama shi a sassan ƙasar.

Sai kuma gam. Wannan jan ko baƙin abu mai kama da man goge baki, wanda ke bushewa ya zama roba, alheri ne in an san shi, kuma wasu injinan zamani da shi aka haɗa su tun daga kamfani. Amma ya lalata hannun yara da yawa. Wanda bai iya yanka kwali ba, bai kuma da haƙurin kankare tsohon gaskit, sai ya malala gam kamar mai yaɓen ɗaki, ya ɗaure. Abin da ya matso waje ana ganinsa. Wanda ya matso ciki shi ne mugun: ya gutsure ya faɗa cikin mai, ya je ya toshe rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta, metal ya bushe, inji ya buga. Injina da dama da aka ce man jabu ya kashe su, da aka kwance, guntayen gam aka tarar a rariya. A nan gyartai ya fi wasu masu sifana gaskiya, domin shi ba ya rufe tsaga sai ya ga iyakarta.

Akwai wani sirri da ya raba gwani da ɗan koyo, kuma ƙurar wannan ƙasa ce ta sa ya zama dole a san shi. Duk inji, in fistin ya buga, ɗan hayaƙi yana silalewa ta gefen ringi ya gangara inda mai yake. Inji sabo kaɗan yake saki, tsoho da yawa. Wannan iska dole ta samu mafita, shi ya sa aka yi mata tiyon numfashi daga murfin sama zuwa inda inji ke shaƙar iska. A hunturu, lokacin da ƙura ke rufe rana, ita da tururin mai sai su haɗu su zama laka, su toshe tiyon. Iska ta rasa hanya, ta cika cikin inji, ta riƙa tura mai ta duk inda ya fi rauni: sil na gaba, sil na baya, bakin geji. Mai mota ya canza sil, bayan mako biyu sabon ya fara zuba, ya ce an sayar masa da jabu. Tsohon bakanike kuwa, kafin ya taɓa sifana, sai ya buɗe murfin zuba mai inji na aiki, ya ɗora tafin hannu. In ya ji iska na bugun hannunsa da ƙarfi, ya san ba sil ne mai laifi ba. Ko tiyo ya toshe, wanda wankewa da kananzir ke magancewa, ko ringi ya cinye, wanda sai an sauke inji.

A ƙasar albasa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Aliero ta yi suna da abu biyu tun kafin a kafa mata jami'ar kimiyya da fasaha a 2006: masu ɗorin karaya, da albasa. Lokacin kaka, manyan motoci da J5 suna tashi da buhuna zuwa Legas da Anaca da Fatakwal, tafiyar kwana da kwanaki. Sil na baya in ya saki, man yana jiƙa kuloci, mota ta riƙa kuka a kan tudu ba ta ja. In na gaba ne, ya jiƙa bel ya ruɓar da shi. In murfin sama ne, man ya gangaro kan bututun hayaƙi mai zafi, wari ya cika gaban mota, wani lokaci har wuta ta tashi. In kuwa man ya ƙare ba a lura ba, inji ya buga a daji, albasa ta kwana uku a rufe cikin rana, asarar ba ta mai mota kaɗai ba ce, har da manoman da suka haɗa lodin.

Abin da ya kai kanikanci cikin ƙauyuka kuwa ba mota ba ce. Ƙananan injina ne. Daga shekarun 1980 shirye-shiryen bunƙasa noma suka yaɗa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da injin ban-ruwa a fadamu, shirin Fadama na Bankin Duniya ya ƙara a shekarun 1990, sannan noman shinkafa na rani ya sake tashi bayan da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba 2015. A gefe guda ga baburan kabu-kabu, Jincheng da Bajaj, ga injin niƙa da na casa. Injin ban-ruwa ba ya ɗaukar baƙin mai da ya kai lita ɗaya, don haka ɗan yoyon da mota za ta yi wata tana jurewa, shi a yini ɗaya zai kashe shi. Manomi a Andarai ko Mungadi ko Sambawa ba zai ɗauki inji zuwa Jega a kan kowane ɗigo ba alhali shuka na jiran ruwa. Dole ya koyi duba geji kowace safiya, ya san notin juye da washarsa, ya iya canza gaskit ɗin murfi a bakin gona. Yaran da suka tashi a haka, in sun tsaya gaban mota, ba baƙon abu suke gani ba, babban yayan injin gonarsu ne.

Tun daga 29 ga Mayu 2023, da aka cire tallafin fetur, daga baya kuma aka sake sakin naira, galan ɗin man juye ya yi tsadar da ƙari kullum ya daina zama arha. Masu tsofaffin motoci da yawa sun koma abin da direbobin Bedford ke yi: gyara a ƙofar gida, da safe kafin rana ta yi zafi, wani lokaci da waya a hannu ana kallon yadda wani ya kwance irin injin a YouTube.

Tsarin aikin bai canza ba. Ana fara wanke injin da kananzir da burushi bayan ya huce, domin inji mai datti ba ya nuna inda yake zuba. A shimfiɗa farin kwali a ƙasa a bar shi ya kwana. Launin ɗigon yana magana: baƙi na inji ne, ja na giyar da ke canza kanta ne ko na sitiyari, mai kauri da wari mai hawa kai na giya ne. Sannan a bi sawun daga sama, domin mai ƙasa yake gangarowa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya. Wasu suna barbaɗa hoda ko toka a jikin injin, su tayar da shi, su ga inda ya fara jiƙewa. Sau da yawa mai mota yana rantsuwa farantin ƙasa ne ya fashe, yaron gareji ya haska tocila ya ce masa, "Alhaji, ba daga ƙasa na ba, daga bisa shika zubowa." Kuma yawanci hakan ne: gaskit ɗin murfin sama, ko makunnin fitilar mai da ya tsage, ko robar filta da aka ɗaure a kan tsohuwa wadda ta manne ba a lura ba, ko washar notin juye da aka yi ta maimaitawa har ta baje. Duk waɗannan mutum mai natsuwa yana gyara su da sifanu huɗu ko biyar. Sharaɗin shi ne a kankare tsohon gaskit har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure notuna a hankali, wannan kusurwa sannan ta gabanta, zagaye biyu ko uku. Ƙarfin tuwo a nan ɓarna yake yi, ya lanƙwasa murfi ko ya cinye zaren noti a jikin alminiyom. Kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga, balle a kan rairayi. Sai an tokare ta da kututture mai faɗi, an sa weji a taya.

Man da aka juye shi ma yana da nasa tarihin. Ba a cika zubar da shi ba: ana shafa wa katakon rufi da azara don gara, masu buga bulo suna shafe abin bugunsu da shi, wasu suna zuba shi a masai don sauro, wasu har a kan ƙurjin dabba, abin da likitocin dabbobi ke hanawa. Wanda ya tsiyaye a ƙasa kuwa damina tana wanke shi zuwa kwata, kwata ta kai shi fadama. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juyen mota ɗaya yana iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. A wurin da ruwan ƙasa yake kusa har ana samunsa da ɗan gajeren bututu, kuma da shi ake shayar da albasa da shinkafa, tara tsohon mai a jarka ya wuce maganar tsabtar ƙofar gida.

Yoyo ɗaya ne har yanzu ya fi ƙarfin gida, wato sil na baya, wanda ke ɓoye tsakanin inji da giya. Kuɗinsa kaɗan ne, amma kafin a kai gare shi sai an sauke giya gaba ɗaya. Wannan sai gareji mai rami da yara masu ƙarfi. Mai mota daga Andarai yakan zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba, ya cika mai, ya sa sauran galan a but, ya lallaɓa zuwa Jega da sassafe. Kafin azahar giya na ƙasa a kan tsohuwar taya. Oga ya zaro mataccen sil da bakin sukundireba, ya shafa ɗan yatsa a wuyan karanshaf ya ji ko leɓen ya ci masa zobe, domin in ya ci, sabon sai an ɗan gusar da shi gaba ko baya ya zauna a lafiyayyen wuri. Sannan ya miƙa wa ƙaramin yaron garejin tsohon sil ɗin, ya ce ya ruga shago da shi a hannu, ya gwada lamba da lamba, ya matsa leɓen ya ji laushinsa kafin ya biya.